Rijiya ta bayar, guga ya hana: Halin da kundayen ilimi na faifan CD suka shiga

A ɗakunan karatu na makarantun sakandare da kwalejoji da dama a ƙasar nan akwai wani kabad da ba a cika buɗewa ba. A cikinsa ake tarar da faya-fayan CD da DVD jere cikin kwalayensu, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba: Encarta, Britannica, Grolier, ƙamus na Oxford, taswirorin duniya. Wasu an saye su da kuɗi mai tsoka, wasu kuma sun zo tare da kwamfutocin tallafi fiye da shekara 20 da suka wuce.

Malamin da ya ɗauko ɗaya daga ciki ya saka a kwamfutar da ke aiki da Linux zai ga abin takaici. Faifan zai juya, kwamfutar za ta gane shi, ta baje masa fayilolin da ke ciki, har ta faɗa masa nauyin kowanne. Ga fayil mai ɗaruruwan megabait kwance a gabansa, ya kuma san cewa tarihin Daular Borno da bayanin zagayawar jini a jikin mutum duk suna cikinsa. Amma ko sau nawa ya danna, ba abin da zai buɗe. Bahaushe ya riga ya yi wa irin wannan hali suna: rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ilimin da ke kan faifan yana nan daram. Abin da ya ɓace shi ne gugan, wato manhajar da aka rubuta domin ta karanta shi, wadda ba ta jin yaren kowace babbar manhaja sai wadda aka ɗinka ta dominta. Babbar manhaja ita ce uwar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, irin su Windows da Linux da macOS, kuma kowace ƙaramar manhaja a bayanta take goye.

Lokacin da ɗakin karatu ya shige aljihu

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da faifan CD mai ɗaukar bayanan kwamfuta a tsakiyar shekarun 1980. Faifai ɗaya yana cin megabait 650 zuwa 700, a zamanin da ma'ajiyar kwamfutar gida ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Masu buga kundayen ilimi suka ga dama. A 1985 kamfanin Grolier na Amurka ya zuba rubutun kundinsa kacokan a faifai ɗaya, ba hoto ba sauti. A 1989 kundin Compton's ya fito da hotuna da sauti. Sai a 1993 Microsoft ya fito da Encarta, wanda ya gina a kan rubutun kundin Funk & Wagnalls, bayan da Britannica ta ƙi amincewa da tayin da ya yi mata tun da farko.

An fara sayar da Encarta a kan kusan Dala 400, daga baya aka karya farashin zuwa Dala 99, aka kuma riƙa haɗa shi kyauta da sababbin kwamfutoci. Wannan ya girgiza kasuwar manyan littattafan da ake bi gida-gida ana tallarsu. Britannica, wadda aka fara bugawa a birnin Edinburgh a 1768, ta jure har zuwa 2012, lokacin da ta sanar da daina buga juzu'anta 32 a takarda.

A Najeriya faifan ya zo a kan gaɓa. A farkon shekarun 2000 intanet sai a shagon kafe, ana biya da awa, shafi ɗaya kuma sai ya ɗauki mintuna kafin ya buɗe. Ɗalibin da ya samu kwamfutar da aka zuba wa Encarta ya samu ɗakin karatun da ba ya buƙatar layin waya ko katin data. Da yawa daga cikin waɗanda yau suke koyarwa a jami'o'i a can suka fara jin muryar shugabannin da suka mutu, suka fara juya taswirar duniya da linzamin kwamfuta.

Zamanin bai daɗe ba. Wikipedia ta bayyana a 2001, intanet ya ƙara sauri da araha, sai a watan Maris na 2009 Microsoft ya sanar da cewa zai rufe Encarta. Fitowarsa ta ƙarshe tana ɗauke da maƙaloli fiye da 60,000. Daga ranar ba wanda ke da alhakin gyara manhajar domin ta dace da kwamfutocin da za su zo nan gaba.

Me ya sa ake ganin fayil amma ba a iya karanta shi?

Faifan kundin ilimi hawa-hawa ne, kamar gidan da sai an wuce zaure da soro kafin a kai turaka.

Hawa na farko shi ne tsarin jera fayiloli a kan faifan. Nan ba matsala, domin tun a 1988 aka amince da ma'auni guda na duniya mai suna ISO 9660, faifan DVD kuma yana amfani da wani mai suna UDF. An wallafa ƙa'idojin biyu a fili, shi ya sa Linux da Windows da macOS duk suke iya nuna abin da ke kan faifan.

Hawa na biyu shi ne yadda aka cusa bayanan a cikin fayilolin. Mawallafa ba su ajiye kowace maƙala a matsayin rubutun da kowa zai buɗe ba. Sun haɗa dubban maƙaloli a ƙunshi ɗaya, suka matse su domin su samu wuri, suka gina fihirisar da ke gaya wa manhaja inda kowace kalma take. Kowane kamfani da irin ɗaurinsa, akasarinsu kuma ba su taɓa bayyana yadda aka yi ɗaurin ba. Dalilin a fili yake: wanda ya kashe miliyoyi wajen biyan marubuta da editoci ba ya son a kwashe masa rubutu cikin minti biyar.

Hawa na uku ita ce manhajar karantawa, wadda ita kaɗai ta san yadda ake kwance ɗaurin. Ita kuma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Duk lokacin da take son buɗe taga a fuskar kwamfuta, ko fitar da sauti, ko karanto wani yanki na faifai, sai ta roƙi babbar manhaja ta yi mata, da kalmomin da Windows kaɗai ke ganewa. Linux na da nasa kalmomin dabam. Fayil ɗin setup.exe a gaban Linux kamar wasiƙa ce da aka rubuta da yaren da mai karɓa bai taɓa ji ba.

Akwai kuma 'yan rakiya. Kundaye da yawa sun jingina da wasu manhajojin domin nuna bidiyo da zane mai motsi, irin su QuickTime da Shockwave da Flash, wasu kuma da sassan Internet Explorer suke nuna shafukansu. Apple ya daina kula da QuickTime na Windows a 2016, Adobe ya rufe Shockwave a 2019, Flash ya bi sahu a ƙarshen 2020. Ko an samu manhajar karantawa ta tashi, sai a tarar rubutu na fitowa amma gurbin bidiyo baƙi ƙirin.

Har masu gidan ma an rufe musu ƙofa

Da farko masu amfani da Linux ne kaɗai ke wannan kuka, domin akwatunan faya-fayan Windows da Macintosh kawai suke ambata. Matsalar ta taɓo Najeriya kai tsaye a 2007, lokacin da aka gwada shirin bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja. Ƙananan kwamfutocin nan da Linux suke aiki, ba su ma da wurin saka faifai.

Yau kukan ya zama na kowa. Windows mai bit 64, wanda shi ne a kusan kowace sabuwar kwamfuta, ba ya tafiyar da manhajojin bit 16 na zamanin Windows 3.1. Faya-fayai da dama na shekarun 1990 manhajar girka su ta bit 16 ce, ko da abin da za a girka ɗin ya fi ta sabunta, don haka tun a bakin ƙofa ake tsayawa. Da Windows 10 ya fito a 2015, Microsoft ya cire goyon bayan wata dabarar hana kwafi mai suna SafeDisc saboda haɗarin tsaro, sai faya-fayan asali da ke ɗauke da ita suka daina aiki a hannun waɗanda suka biya kuɗinsu.

A ɓangaren Apple yankewar ta fi tsanani. A 2007 ya rufe hanyar da tsofaffin manhajojin Macintosh ke bi su yi aiki a sabuwar babbar manhajarsa. A 2011 ya daina karɓar waɗanda aka rubuta wa ƙwaƙwalwar PowerPC. A 2019 ya sallami dukkan manhajojin bit 32. Kundin da aka saya wa Macintosh a 1998 ya sha rufin ƙofa har sau uku. Bugu da ƙari, yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba sa zuwa da na'urar karanta faifai, sai dai a sayi ta waje a jona ta kafar USB.

Matakin farko: a ceci abin da ke kan faifan

Masana adana bayanai sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: kafin a fara tunanin yadda za a karanta faifai, a fara kwafe shi ɗungurungum zuwa fayil guda, wanda aka fi sani da kwafin ISO. Faifai ba ya dawwama. Bayanan suna kwance ne a ƙarƙashin wani siririn shafen ƙarfe da ke dab da fuskar da aka yi wa rubutu, shi ya sa ƙarzuwa a saman faifai ta fi ta ƙasansa illa. Zafi da laima suna cin shafen a hankali. Faifan da aka ƙona a shago ya fi wanda aka buga a masana'anta saurin lalacewa, domin a kan wani rini ake rubuta bayanansa, rinin kuma yana koɗewa, musamman a hasken rana.

A nan Linux na da fifiko. Yana zuwa da ƙananan manhajojin da ke kwafe faifai tun daga farkonsa har ƙarshensa, akwai kuma GNU ddrescue, wadda ke tsallake wurin da ya lalace ta kwashe mai kyau tukuna, sannan ta dawo ta yi ta gwada wurin da ya ƙi har ta tsamo abin da za ta iya. Da zarar an samu kwafin, ana iya sa kwamfuta ta ɗauke shi tamkar faifan gaske ne aka saka mata, a kuma ajiye shi a wurare biyu ko uku. Faya-fayan da aka yi wa Windows da Macintosh a haɗe suna da fuska biyu, kowace babbar manhaja tata take gani, don haka kwashe fayiloli ɗaya bayan ɗaya kan bar rabin kayan a baya.

Hanyoyi uku na ɗebo ruwan

Hanya ta farko ita ce a nemo tafinta. Manhajar Wine, wadda aka fara aikinta a 1993, kuma Alexandre Julliard ke jagoranta tun 1994, tana tsayawa ne tsakanin manhajar Windows da Linux. Idan manhajar ta nemi a buɗe mata taga da kalmomin Windows, sai Wine ta juya roƙon zuwa kalmomin Linux nan take. Ba a buƙatar sayen Windows, aikin kuma yana tafiya da sauri. Sai dai tafintan bai san kowace kalma ba. Shekara 15 masu aikin suka yi kafin su fitar da sigar da suka kira ta 1.0 a 2008, domin Microsoft bai bayyana dukkan halayen Windows ba, sai an yi ta gwaji ana ganowa. A aikace, tsofaffin kundaye masu sauƙin gini sun fi jin daɗin Wine, na baya-bayan nan da suka cuɗanya da Internet Explorer da sauran sassan Windows sun fi ba da wahala. Abin ban dariya shi ne Wine na iya tafiyar da manhajojin bit 16 da Windows na yau ya yasar, har wasu suka ɗauki sassanta suka mayar kan Windows domin ya iya karanta kayan kakanninsa.

Hanya ta biyu ita ce a gina wa kundin gidansa na da a cikin sabon gida. Manhajoji irin su VirtualBox da QEMU suna ƙirƙirar kwamfuta ta ƙarya a cikin ta gaske, a girka mata Windows 98 ko Windows XP, a saka mata kwafin faifan. Kundin ba zai taɓa sanin cewa zamani ya juya ba. Ga faya-fayan da suka fi tsufa akwai DOSBox da 86Box, waɗanda ke kwaikwayon injin kwamfutar shekarun 1990 har da katin sautinta, ga na Macintosh kuma akwai Basilisk II da SheepShaver. Wannan hanya ta fi kowace tabbas, domin taswira da wasannin ƙwaƙwalwa da bidiyo duk suna fitowa yadda aka tsara su. Kuɗinta shi ne sai an mallaki halastaccen kwafin tsohuwar babbar manhajar. Sannan wajibi ne a katse wa kwamfutar ƙaryar hanyar intanet, domin tun watan Afrilun 2014 Microsoft ya daina toshe ɓarakar tsaro a Windows XP.

Hanya ta uku ita ce a manta da gugan, a shiga rijiyar da kai. Wato a zauna a nazarci fayilolin har a gano yadda aka ɗaure su, a rubuta sabuwar manhajar da za ta zare rubutun ta mayar da shi sigar da kowa ke iya buɗewa. Masu sa-kai sun yi wa tsarin CHM haka, wanda Microsoft ke zuba littattafan taimako a ciki, shi ya sa yau ake karanta shi a Linux ba tare da wahala ba. Haka kuma masu aikin FFmpeg sun warware tsofaffin dabarun matse bidiyo irin su Cinepak da Indeo, don haka VLC na iya kunna bidiyoyi da yawa kai tsaye daga tsohon faifai. Idan wannan hanya ta yi nasara, an huta har abada, domin rubutu tsantsa ba ya tsufa. Amma aiki ne na watanni a hannun ƙwararre, nasarar da aka samu a fitowar bana ba lallai ta yi aiki a ta baɗi ba, kuma sau da yawa rubutun kan fito ya bar mahaɗan da ke kai mai karatu daga wannan maƙala zuwa waccan.

Darasin Domesday

Labarin da masana ke yawan kafa hujja da shi a Ingila ya faru. A 1086 Sarki William ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyar ƙasar, aka rubuta da tawada a kan fata. Littafin, wanda ake kira Domesday, yana nan a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew, duk wanda ya iya Latin zai karanta shi.

Domin cikarsa shekara 900, BBC ta shirya sabon Domesday a 1986. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu, akasarinsu yara 'yan makaranta, suka rubuta yadda rayuwa take a unguwanninsu, suka ɗauki hotuna. Aka zuba komai a manyan faya-fayan leza guda biyu, waɗanda sai da wata kwamfuta ta musamman mai suna BBC Master da na'urar Philips da aka ƙera domin aikin ake iya karanta su. Kayan sun yi tsada, kaɗan aka sayar. Kafin shekara 15 na'urorin da suka rage suna aiki sun zama 'yan ƙalilan.

Sai da masu bincike daga jami'o'in Leeds da Michigan suka haɗu a wani shiri mai suna CAMiLEON, suka rubuta manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar, kafin a sake ganin abin da ke ciki a kan injin zamani a 2002. A 2011 BBC ta ɗora wani ɓangare a intanet. Sauran ya maƙale, kuma babban abin da ya riƙe shi shi ne haƙƙin mallaka na ɗimbin mutane da hukumomin da suka ba da gudummawa. Fatar da ta shekara 900 ta riga faifan leza kai labari.

Tun a 1995 wani masanin kwamfuta, Jeff Rothenberg, ya yi wannan gargaɗi a mujallar Scientific American. Ya kwatanta jikokinsa a shekarar 2045 sun tsinci wasiƙa da faifan CD a gidansa, wasiƙar na cewa sirrin dukiyarsa na cikin faifan. Wasiƙar za su karanta ta da idonsu. Faifan kuwa, ko bai lalace ba, ina na'urar, ina manhajar?

Inda doka ta tsaya

Wanda ya sayi faifai yakan ɗauka ya mallaki abin da ke ciki kamar yadda ake mallakar littafi. Takardar yarjejeniyar da ake danna wa amincewa ba a karanta ba tana cewa izinin amfani kawai aka ba shi, galibi kuma tana hana shi warware manhajar.

A Amurka dokar DMCA ta 1998 ta haramta karya makullin da aka sa wa kayan da ke da haƙƙin mallaka, ko da mai karyawar shi ya saya. Duk bayan shekara uku Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin ƙasar yana fitar da jerin waɗanda aka ɗauke wa haramcin, kuma a 2018 ya ba ɗakunan karatu da ma'adanai da gidajen tarihi damar karya makulli domin adana manhajar da aka daina sayarwa. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta yarda a warware manhaja idan manufar ita ce a sa ta yi aiki da wata. A Norway an gurfanar da wani matashi, Jon Lech Johansen, saboda hannunsa a manhajar DeCSS ta 1999 da ta kwance makullin fina-finan DVD, abin da ya buɗe hanyar kallonsu a Linux. Kotu ta wanke shi a 2003, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tabbatar a ƙarshen shekarar.

A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ma ta shigo da hani a kan karya irin waɗannan makullai. Saboda haka makarantar da ke da faifanta na asali ta girka shi a kwamfutar ƙarya ba ɗaya take ba da wanda ya zare maƙalolin ya baza su a intanet ko ya buga ya sayar. Mutuwar manhaja ba ta kashe haƙƙin marubuta.

Shin wahalar ta cancanta?

Ga ɗalibin da ke neman amsar jarrabawa, tsohon faifai na iya zama tarko. Wanda aka buga kafin Oktoban 1996 bai san jihohin Zamfara da Gombe da Nasarawa da Bayelsa da Ebonyi da Ekiti ba. Wanda ya riga 2006 yana lissafa Pluto cikin manyan duniyoyi tara. Encarta na ƙarshe ma bai ga ranar da Sudan ta Kudu ta samu 'yanci a 2011 ba. Makarantar da burinta shi ne yara su samu abin dubawa ba tare da intanet ba tana da mafita mafi sauƙi. Manhajar Kiwix, wadda aka fara a 2007, tana ba da damar sauke Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa, a karanta a Windows ko Linux ko wayar Android. Akwai kuma rumbun eGranary, wanda tunaninsa ya samo asali daga wahalar intanet da Cliff Missen ya gani lokacin da ya yi aiki a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990.

Amma akwai abin da ba a samu a wani wuri sai a kan faifan. A 1999 Microsoft ya fitar da Encarta Africana, kundin tarihi da al'adun Afirka da 'ya'yanta da ke warwatse a duniya, wanda Henry Louis Gates Jr. da Kwame Anthony Appiah suka tace. Sun ɗora ne a kan burin W.E.B. Du Bois, wanda ya rasu a Accra a 1963 yana tsakiyar ƙoƙarin haɗa irin wannan kundi. Rubutun ya tsira, domin an buga shi a littafi a shekarar, aka faɗaɗa shi zuwa juzu'i biyar a 2005. Sauti da bidiyo da taswirori masu motsi kuwa takarda ba ta iya ɗaukarsu. Mai son ganin aikin yadda masu shi suka tsara shi dole ya bi ɗaya daga hanyoyin nan uku. Kuskuren tsohon kundi ma hujja ce ga masanin tarihi, domin yana nuna abin da aka koya wa yaran wani zamani game da Afirka.

Japan ta nuna cewa ba dole ne labarin ya ƙare haka ba. A can mawallafa da kamfanonin lantarki sun haɗu a kan tsari guda na ajiye ƙamus da kundin ilimi mai suna EPWING, aka kuma mayar da shi ma'aunin ƙasa mai lamba JIS X 4081. Da yake ƙa'idarsa a rubuce take, masu sa-kai sun rubuta manhajojin karantawa iri-iri, har ƙamus irin Kojien da aka saya a faifai shekaru da dama da suka wuce ana buɗe shi yau a Linux da Macintosh da wayar hannu. Sirrin Kiwix ma ke nan: tsarin ZIM da yake ajiye bayanai a ciki a buɗe yake, ko masu shi sun watse wani zai iya saƙa sabon guga.

Abin da ya shafi gida

Marubutan Hausa sun ɗanɗani irin wannan cuta ta wata fuska. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa a kwamfuta sun dogara da wasu haruffa na musamman da aka sauya wa maɓallai domin su fitar da ɓ da ɗ da ƙ. Duk rubutun da aka yi da su, idan aka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da irin haruffan, sai alamomi marasa ma'ana su maye gurbin masu lanƙwasa. Kundayen digiri da rubutun littattafai masu yawa suna nan a haka. A ɗaya gefen kuma, rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da almajiransa, na Larabci da na ajami, waɗanda aka kwafa da tawada da alƙalamin kara, har gobe ana karanta su a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

A yau jami'o'i da ma'aikatu da ɗakunan karatu a faɗin ƙasar nan suna ta mayar da takardunsu zuwa kwamfuta, sau da yawa ta hannun ɗan kwangilar da zai kawo manhajarsa ya zuba komai a ciki. Tun a 2003 hukumar UNESCO ta fitar da yarjejeniyar kare gadon da aka adana a kwamfuta, tana jan hankali cewa saurin tsufan na'urori da manhajoji na iya shafe shi. Tambayoyin da suka kamata shugaban kowane ɗakin karatu ya yi kafin ya sa hannu a kwangila ba su da yawa. A wane tsari za a ajiye bayanan, kuma an wallafa ƙa'idarsa? Za a iya fitar da su duka zuwa rubutu tsantsa ko PDF/A ko TIFF ba tare da neman izinin kowa ba? Idan kamfanin ya rufe, wa ke riƙe da makullin?

Su kuwa faya-fayan da ke cikin kabad, abin da suke buƙata a yanzu bai wuce na'urar karantawa ta USB da ma'aikaci ɗaya da zai ba su 'yan kwanaki ba: ya kwafe kowanne, ya ɗauki hoton kwalinsa da lambar girkawar da ke jikinsa, ya rubuta irin babbar manhajar da yake buƙata. Neman hanyar karantawa na iya jira zuwa baɗi. Shafen ƙarfen da ke cikin faifan, wanda ke shan zafin bazara da laimar damina a ɗakin da ba fanka, shi ne ba ya jira.